Ruwan da Zalika Ta Tace

Wanda ya san Gidan Sallau a wajajen shekarun 2009 zuwa 2011 zai tuna ƙauye ne mai jan gini a yankin Dogarawa, nesa kaɗan da kwaltar da ta taso daga Malbaza ta yi gabas. In iska ta juyo, akan ji gurnanin manyan motocin siminti daga bakin gari, amma ba a ganinsu. Rumbunan laka masu faɗin ciki sun fi ɗakunan kwana yawa. Arewa da gari akwai tudun jar tsakuwa wanda itatuwansa suka ƙare tun zamanin babban fari, daga can ne korama take gangarowa ta zuba cikin tabki. Dattawan garin ne suka yi wa tabkin bango da ƙasa, shi ya sa yake riƙe ruwa bayan damina. Kewayensa kuwa garake ne na albasa, kore shar, da shingen ƙaya da bukkokin masu tsaro. Lokacin cira, gari duka sai ya ɗauki ƙanshin ganyen albasa, mata na dakawa suna dunƙula gabu suna shanyawa a kan zana. Mutanen da suka girma a wurin, in suna hira yanzu, wannan ƙanshin suke fara ambata.

A wannan gari Zalika ta yi zaman aure. Asalinta Bagobira ce, an haife ta a wani ƙauye na ƙasar Alela inda rijiya take da zurfi, damina kuma ruwan tabki ake sha. Mahaifiyarta, Sahiya, ita ta koya mata gyaran ruwa tun tana ƙarama: a daka 'ya'yan zogale, a ƙulle garin a tsumma, a kaɗa shi cikin tulu, a bari laka ta kwanta, sannan a tsiyaye ta farin ƙyalle zuwa randa, a jefa saiwar jema don ƙanshi. Abin da ta koya mata ya wuce dabara. A gidansu, ruwan da zai fita zuwa hannun baƙo mutuncin matar gida ne. Zalika ta zo Gidan Sallau da wannan tarbiyya, ba a daɗe ba sunanta ya fita. Duk baƙon da ya sauka wurin maigari, ko likita mai rigakafi ne ko malami mai wa'azi, daga randarta ake aiko masa da ruwa.

Mijinta, Issaka, ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, kafin ya koma noma, yana iya rubuta kwanan wata da lambobi. Geron da suke nomawa ba ya kai su wata damina. Abin da yake cike giɓin shi ne garkar da ya gada daga mahaifinsa, wadda take daidai inda korama take shiga tabki. Nan kuwa matsalar take. Kowace damina korama tana kwaso ƙasar tudu ta jibge a wannan bakin, tabkin yana ta cikewa, ruwa yana janyewa da wuri. A zamanin mahaifinsa, sai an cire albasa ruwa yake ƙafewa. A zamanin Issaka kuwa, albasa tana cikin yin kai ruwa zai bar shi, ya koma jigila da jarkoki a kan amalanke. Kowa a gidan ya san in aka ci gaba a haka, garkar za ta zama fili.

Ana nan sai ga wani aikin bincike ya zo yankin, irin wanda mutane suke kira porje. Manufarsa a bayyane take. Koramu huɗu za a auna tsawon damina uku, a ga yawan lakar da kowace take ɗaukowa a cikin kowace lita ta ruwa. Biyun da suka fi cin ƙasa su za a yi wa shingen duwatsu da ragar ƙarfe, don a rage gudun ruwa, laka ta tsaya a sama. Koramar Gidan Sallau tana cikin huɗun. Wadda aka ɗora wa awon wata matashiya ce mai suna Rahinatou, Bazabarma daga ƙasar Tilaberi, ta koyi aikin ɗakin gwaji a Yamai, aka turo ta Ƙonni aka ba ta wani ɗan ɗaki a bayan buro, wato ofishin aikin.

An yi taron bayani a gindin gawo, kuma bisa al'adar lokacin maza ne kaɗai suka zauna. Aka zaɓi Issaka ya riƙa ɗiban ruwa, tun da garkarsa ce mafi kusa kuma yana rubutu. Aka ba shi kwalabe na farar roba mai kauri, waɗanda ba a ganin abin da ke ciki. In korama ta kawo, zai ɗaure kwalba a kan doguwar sandar gora, ya nutsa ta tsakiyar gudun ruwa, ya ɗiba lokacin da yake tasowa, da lokacin da ya cika, da lokacin da yake sauka. Sai ya toshe, ya rubuta rana a jiki, ya ajiye har Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, ya ba Yakuba direban motar kasuwa.

Ranar da korama ta fara kawowa, Issaka ya shigo gida jiƙe sharkaf, ya miƙa wa Zalika kwalaben ya ce ta ajiye a inuwa, na Madam ne ta Ƙonni, za ta duba ruwan garinsu. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya fita gona. Zalika ta buɗe guda ta leƙa. Abin da ta gani ja ne kamar kunun dawa, har da ɓurɓushin kashin awaki. Ranta ya ɓaci. Mace ce baƙuwa za ta buɗe wannan, a birni, ƙila gaban manyan mutane, a ce daga gidan Zalika ya fito. Ba ta yi shawara da kowa ba, domin a ganinta babu abin shawara a ciki. Ta juye kowace kwalba a ƙwaryarta dabam don kada su gauraya, ta kaɗa zogale, ta bari ya kwanta, ta wanke kwalaben tas, ta tace ruwan ta mayar kowane inda ya fito. Ta jera su a kwando, ta rufe da wankakken zane. Haka ta yi duk tsawon daminar, da kulawa irin ta mai shirya kayan amarya, Issaka kuwa yana ɗaukar kwando a rufe ya kai bakin hanya.

A Ƙonni, Rahinatou ta rasa gane kan abin. Sauran koramu uku suna ba da laka mai auki, ta Gidan Sallau kuwa kusan ruwan famfo. A lissafin farko, ita ce ta ƙarshe cikin huɗun, wato ba ta buƙatar ko dutse ɗaya. Amma ita da idonta ta ga yadda tudun ya tsattsage. Zarginta ya tafi kan Issaka: ƙila yana jin tsoron shiga korama, yana cika kwalabe a rijiya. Can ƙarshen damina aka yi ruwa mai ƙarfi, washegari da hantsi ta hau babur ta nufi ƙauyen ba tare da ta aika ba.

Ta yi sallama a ƙofar gida, ta tarar da Zalika a tsugune tsakanin ƙore, farin ƙyalle a hannu.

"Lale, lale!" in ji Zalika. "Ke ce Madam ta Ƙonni? Shigo, ga tabarma. Kin taho a kan gaɓa, saura kwalba guda in ƙare."

"Me kike ƙarewa, Yaya?"

"Ruwanki mana. Da kin ga abin da maigida ya kawo jiya, ko jaki sai ya yi tunani kahin ya sa baki. Ki duba yanzu." Ta ɗaga ƙwarya, ruwa garau.

Rahinatou ba ta kai ga tabarma ba, a kan turmi ta zauna. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. "Lakar fa, ina kike kai ta?"

"Ga ta can gindin lemo. Yana son ta."

"Tun farkon damina?"

"Ko sau ɗaya ban yi hwashi ba," in ji Zalika, da alfaharinta.

Rahinatou ta dafe kai. Sai ta ɗago, ta lura da tsagar da ke kumatun matar, dariyar da ba ta shirya ba ta ƙwace mata. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa na gado, kowa yana iya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama ba a riƙe shi.

"Ai dole! Ashe Bagobira ce. Na yi ta zargin bawan Allah, ashe ɓarnar tana cikin gida. Aikina na damina guda yana gindin lemo!"

"Ke baiwata, rufe mini baki," Zalika ta mayar mata. "Ku da kuke shan ruwa tare da dorina, mi kunka sani ga tsabta? Na ba ki ruwan sarauta, ko godiya babu."

Da dariya ta lafa, Rahinatou ta jawo kwalbar da ba a taɓa ba, ta girgiza ta, ta zuba kaɗan a tafin hannu. Ta yi mata bayanin da ba a yi wa mata ba a gindin gawo. Ba shan ruwan za a yi ba. Lakar ita ce abin nema, ita ake tacewa a busar a ɗora a sikeli, kuma yawanta shi zai sa a kawo duwatsu ko a kai su wani gari. A takardar da ta riga ta tafi Yamai, koramar Gidan Sallau ta fito a matsayin mai tsabta.

Zalika ta saki ƙyallen a cikin ƙwarya. "Kenan garkarmu na zubas gindin lemo?"

Rahinatou ta mayar da murfin kwalbar. A lokacin Issaka ya shigo da fartanya a kafaɗa, aka mayar masa da yadda aka yi. Ya dubi matarsa, ya dubi baƙuwar, ya ce, "Madam, ni anka gaya ma, ni ban gaya mata ba. In da mai laihi, ga shi tsaye." Zalika ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito, kofin ruwa ne a hannunta daga randa, ta durƙusa ta miƙa wa baƙuwa. Rahinatou ta shanye, ta ce ba ta taɓa shan mai daɗinsa ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Labari ya zaga gari kafin la'asar. Waɗansu sun yi dariya, waɗansu ba su yi ba, musamman masu garake a bakin korama. An yi kwanaki Zalika ba ta zuwa rijiya sai rana ta take, lokacin da ba kowa. Rahinatou kuwa ta rubuta wa shugabanninta cewa a soke awon daminar farko na Gidan Sallau gaba ɗaya. Aka soke, amma aka tuna mata da ƙa'ida: ba za a yanke wa korama hukunci ba sai tana da cikakken awo na damina biyu. Saura biyu ke nan, kuma ba a son ko ɗaya ta sami tangarɗa.

Damina ta biyu ta zo da albarka. Zalika ta karɓi ajiyar kwalabe da wata irin kulawa dabam. Takan ɗaure bakin kowace da leda da zare don kada digo ya fita, ba ta bari ko yaran gida su matsa kusa. Wata Laraba ta shiga motar Yakuba da buhun gabu, ta ce ita za ta kai kwandon da kanta. Shi ne zuwanta na farko ɗakin gwajin. Ta ga sikeli a cikin akwatin gilashi, wanda ko numfashi yake motsa shi. Ta ga tanda ta lantarki inda ake busar da takardun tacewa, da wata 'yar na'ura da ake sa mata ruwa a ƙaramin gilashi, ta haska shi ta nuna lamba.

Rahinatou ta gwada kwalbar saukar ruwa, na'ura ta nuna lamba babba. Ta gwada ta cikar korama, wadda ta fi kowace kauri, sai lamba ta fito ƙasa da ta farko.

"Ita ma na'urar Bagobira ce?" in ji Zalika, duk da ba ta karanta lambar ba, fuskar Rahinatou ta karanta.

"Kusan haka. Wannan na'ura hasken da laka ta watso mata take ƙirgawa. In lakar ta yi yawa ƙwarai sai ta haɗiye hasken, kaɗan ya iso, ita kuma ta ɗauka lakar ce kaɗan. Ruwanku ya fi ƙarfinta." Ta girgiza kwalbar sosai, ta yi sauri ta ɗebi awo guda kafin yashi ya kwanta, ta ƙara masa awo tara na tsabtataccen ruwa, ta sake gwadawa.

Zalika ta riƙe haɓa. "To, ga shi ke ma kin sirka! Ni da na gyara, kinka tara mini gari."

"Yaya, ni na san abin da na ƙara, zan ninka lambar sau goma in koma kan gaskiya. Ke kin san nawa kika zubar?"

Zalika ta ce, "Lemo ya sani."

Duk da haka Rahinatou ba ta dogara da na'urar kaɗai ba. Ta tace wani kason ta takarda, aikin da ya ci lokaci domin takardar tana toshewa, ta busar, ta auna a sikeli. Hanyoyin biyu suka yi kusa da juna. A wannan daminar, koramar Gidan Sallau ita ce ta fi sauran ukun laka, da rata mai yawa.

Damina ta uku ta zo da ƙarancin ruwa. Gero ya tsaya iya gwiwa, korama ta yi makonni a bushe, yara na wasa a cikinta. Issaka ya ga shekarar ba ta da kyau, ya fara zuwa Malbaza aikin lodi, yana kwana biyu ko uku kafin ya dawo. Ran nan da azahar, yana can, hadari ya haɗu a kan tudu. A gari yayyafi kawai aka yi, amma ba a jima ba aka ji rugugin korama. Mazan da suka rage suna gonakin nesa. Zalika ta ɗauki gora da kwalabe, ta ɗaure zane a ƙugu, ta fita da gudu, abin da ba a saba gani ga mace mai shekarunta ba. Maƙwabciyarta Wasila ta bi ta tana kira, "Zalika, kin haukace? Ruwan ga ya ci raƙumi bara waccan!" Zalika ta ce mata, "Riƙe mini zane ta baya, ki bar surutu." Haka suka tsaya a bakin gaɓa, ƙasa na zubewa ƙarƙashin ƙafafunsu, Wasila na riƙe da ita, ita tana miƙa gora tsakiyar ruwa. Ta ɗiba yana tasowa, ta jira ya cika ta ɗiba, ta tsaya har ya fara sauka. Da yake ba ta rubutu, sai ta ƙulla wa kwalaben zare: ƙulli ɗaya, biyu, uku.

Bayan wannan, korama ba ta sake kawowa da ƙarfi ba a shekarar. Kwalaben Zalika su ne kusan duk abin da Gidan Sallau ta samu a damina ta uku, kuma nauyin lakarsu ya yi daidai da na shekarar da ta gabata. A taron yanke hukunci, ƙa'ida ba ta goyi bayansu ba: cikakkiyar damina ɗaya ce da su, da ambaliya guda. Sauran koramu suna da biyu cikakku. Rahinatou ta tsaya a kan cewa ambaliyar guda ta tabbatar da awon bara. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka ba koramu biyu masu cikakken awo aikinsu, aka ce abin da ya ragu na raga da jigilar dutse a kai Gidan Sallau. Ya isa rabin korama na sama kawai. Rabin ƙasa aka ce sai zango na biyu na aikin.

Da awon daminar farko bai lalace ba, ko da an yi wa koramar shinge gaba ɗayanta, wannan ba abin da za a iya tabbatarwa ba ne, kuma mutanen garin sun saɓa a kai har yau. Abin da aka sani shi ne da rani aka yi gayya, maza na ɗaure raga, mata na ɗauko dutse a ka, Zalika na cikinsu daga farko har ƙarshe. Cikewar tabkin ta ragu amma ba ta tsaya ba. Issaka ya riƙe ɓangaren garkar da ke kusa da ruwa, yana samun albasa a cikinsa, ɗaya ɓangaren kuwa ya bar shi, yanzu wake ake shukawa a wurin da damina.

An mayar da Rahinatou Yamai bayan rufe aikin. Sun daɗe suna gaisawa ta wayar Issaka, kowace tana kiran 'yar'uwarta baiwa, har lambar ta daina shiga. Zalika ta manyanta, gwiwa ta hana ta zuwa tabki, jikokinta ke ɗebo mata. In aka tayar da zancen shekarun nan takan yi dariya, ta fi son ba da labarin sikelin da numfashi yake motsawa.

Zango na biyu na aikin bai zo ba. Rabin koramar na ƙasa yana nan ba shinge, ragar sama ta fara tsinkewa a wurare, kuma tun daga waccan damina ba wanda ya sake auna lakar da take shiga tabkin Gidan Sallau.